Ɗan shekara 19 ya hura 0.03 a Texas, a biya tara kawai ko a nemi lauya?

Kawun Yara:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar Amurka. Ɗan yayata ɗalibi ne a Texas da bizar karatu, shekarunsa 19. Daren Asabar ɗan sanda ya tsayar da shi, wai fitilar baya ɗaya ta mutu. Ya ce yana jin warin giya, ya sa shi ya hura wata ƙaramar na'urar auna barasar da ke jini a bakin titi, ta nuna 0.03. An ba shi takardu biyu, ɗaya ta kotu ɗaya ta lasisi. Abokansa sun ce ai bai kai 0.08 ba, ya biya tara a wuce wurin. Haka ne? Akwai ɗauri? Bizarsa fa?

Barista Na-Gwaggo:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya kyauta, ya shirya mana zuri'a.

Abokansa sun gauraya dokoki biyu. Ma'aunin 0.08 na wanda ya kai shekara 21 ne. Tun 1984 dokar tarayya ta matsa wa jihohi suka mai da shekarun sayen giya 21, a 1995 kuma aka gindaya musu wani sharaɗin: jihar da ba ta sa iyakar matashin direba a 0.02 ko ƙasa da haka ba, za a zaftare mata kuɗin hanyoyi. Zuwa 1998 kowace jiha ta bi. Texas ma ba ta sa lamba ba, cewa ta yi duk ɗan abin da aka iya ganowa na barasa a jikin wanda bai kai 21 ba, laifi ne.

Ku fara duba abin da aka rubuta a takardar kotun, domin a Texas DUI daban, DWI daban. DUI shi ne na masu ƙarancin shekaru, ƙaramin laifi ne na aji C. A karon farko babu ɗauri, akwai tara har dala 500, aikin al'umma na awa 20 zuwa 40, da kwas na wayar da kai kan barasa. DWI kuwa, wato tuƙi cikin maye, aji B ne, tara har dala 2,000 da ɗauri daga awa 72 zuwa kwana 180, kuma ana iya tuhumar mutum da shi ko bai kai 0.08 ba, muddin ɗan sanda ya ce hankalinsa ko gaɓɓansa ba su cikin hayyacinsu. Kada ku ɗauka kotun yara za a kai shi; daga shekara 17 Texas babba take ɗaukar mutum.

Abin da ya fi gaggawa shi ne takarda ta biyun. Shari'a biyu ce a kansa, kowace da hanyarta. Ta lasisi tana hannun hukumar tsaron jama'a ta jihar, DPS, kuma kwana 15 kacal yake da su daga ranar da aka miƙa masa takardar ya nemi a saurare shi. In ya yi shiru, a rana ta 40 dakatarwa za ta fara aiki da kanta, kwana 60. A kwana 30 na farko ko lasisin lalura na zuwa aiki da makaranta ba zai samu ba, in wa'adin ya ƙare kuma sai ya biya dala 125 kafin a maido masa. Iyalai da yawa a nan suke yin asara, suna can suna jiran ranar kotu, kwana 15 ɗin sun wuce. Neman sauraron yana tsayar da dakatarwar har sai alƙalin da zai saurare shi ya yanke hukunci, kuma yana ba lauya damar kiran ɗan sandan ya yi bayani bisa rantsuwa tun kafin a je kotu. Ko ba a yi nasara a wannan zama ba, abin da ɗan sandan ya furta ya riga ya shiga rubuce.

Batun biyan tara kuwa, biyan tara amsa laifi ne. Dokar Texas ma ba ta yarda wanda bai kai 21 ba ya amsa irin wannan laifi ba sai a gaban alƙali a buɗaɗɗiyar kotu. Abin da lauya zai fi nema shi ne a jingine hukunci: kotu ta sa masa sharuɗɗa na tsawon lokacin da bai wuce kwana 180 ba, in ya cika a kori ƙarar. Sai dai ku sani, in aka sake kama shi, wannan jinginewar za a lissafa ta a matsayin karo na farko, kuma a karo na uku akwai ɗauri har kwana 180. Tunda laifin aji C babu ɗauri, kotu ba za ta ba shi lauyan gwamnati ba, ku ne za ku ɗauka.

Malam Awo:

Barista ya gama da hukunci, bari in taɓa kariya, amma gara in faɗi gaskiya tun farko: a tuhumar da ko ɗigo ya isa, jayayya a kan lamba ba ta cika yin amfani ba. Hujjar da aka saba ji, cewa barasa tana ci gaba da hauhawa a jini bayan an sha, don haka awon da aka yi bayan awa ɗaya ya fi na lokacin tuƙi, tana aiki ne ga wanda ya hura 0.08 ko 0.09. Wanda ake tuhuma da 0.03 ko an rage masa rabi, yana nan cikin laifi.

Inda ƙarfi yake shi ne dalilin tsayarwa. Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Delaware da Prouse ta 1979 ta ce ɗan sanda ba zai tsayar da mota haka kawai ba, sai da zato mai tushe. In fitilar nan tana aiki, ko hoton kyamarar motar 'yan sanda ya nuna tana ci, duk abin da ya biyo baya, wari da hurawa da maganganu, ana iya neman kotu ta yi watsi da su. Saboda haka kada a gyara fitilar kafin a ɗauki bidiyonta yadda take, kuma lauya ya rubuta tun yanzu a adana bidiyon mota da na kyamarar ƙirjin ɗan sandan, don ba har abada ake ajiye su ba. A duba lokaci ma a bidiyon. Shari'ar Rodriguez ta 2015 ta hana a ja tsayarwa fiye da abin da dalilinta na asali yake bukata, sai in wani sabon zato ya taso. Wari kan zama wannan sabon zaton, to a minti na nawa ɗan sandan ya ambace shi, kuma mutum nawa ne a motar? In fasinjoji sun sha, warin mota ba warin direba ba ne.

Ita ƙaramar na'urar bakin titi ba ita ce babbar da ke caji ofis ba. Babbar tana da ƙa'ida: a Texas mai gwajin sai ya kasance tare da mutum minti 15 kafin ya hura, kuma ana hurawa sau biyu a ga sun yi kusa da juna. Dalili shi ne na'urar tana ɗauka iskar daga can cikin huhu ta fito, sai ta ninka abin da ta gani bisa lissafin 2,100 zuwa 1 ta fitar da na jini. In akwai ragowar barasa a baki, daga ruwan kurkure baki, ko maganin tari na ruwa, ko gyatsa, ko ƙwannafi, ninkin nan zai mai da ɗan kaɗan ya zama lamba mai tsoratarwa. A bakin titi ba kasafai ake jiran minti 15 ɗin ba. A nemi takardun da ke nuna ranar da aka daidaita na'urar ta ƙarshe.

Duk wannan zai rushe in yaron ya ce "kwalba ɗaya kawai na sha". Da yawa suna faɗin haka suna zaton sassauci ne, alhali ga ɗan ƙasa da 21 cikakken iƙirari ne. Kuma kada a dogara da cewa ba a karanta masa haƙƙinsa na yin shiru ba. Tun shari'ar Berkemer ta 1984 tambayoyin bakin titi kafin kamu ba sa bukatar wannan gargaɗin. Ku tambaye shi kalma da kalma me ya faɗa, ya rubuta wa lauyansa, ba a rukunin WhatsApp ba.

Hajiya Uwar Ɗalibai:

Alhaji, ni bizar ce ta fi damuna fiye da dala 500. Tun wajen ƙarshen 2015 ma'aikatar harkokin wajen Amurka take da tsarin soke bizar wanda aka kama da tuƙi cikin maye, kuma kamun kaɗai ya isa, ba sai kotu ta same shi da laifi ba. Sanarwar takan zo ta imel ɗin da ya cika a takardar neman biza, ya riƙa dubawa. In an soke, da zarar ya fita daga ƙasar sai ya nemi sabuwa, kuma ana iya tura shi wurin likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi a duba ko yana da matsalar shaye-shaye. Kada ya sayi tikitin hutu kafin ya ga lauyan shige da fice.

Ku haɗa lauyoyin biyu su yi magana kafin ya amsa komai. A dokar shige da fice, in mutum ya amsa laifi kuma alƙali ya ɗora masa wani sharaɗi, ana iya lissafa shi a matsayin wanda aka hukunta ko da kotun jiha ta kori ƙarar daga baya. Takardar neman biza kuma tambaya take ko an taɓa kama ka ko hukunta ka, in hakan ta faru amsar gaskiya ita ce e, ko an goge tarihin. Ƙarya a nan ta fi laifin farko muni nesa ba kusa ba.

Ya duba dokokin ladabtarwa na jami'arsa da sharuɗɗan tallafin karatu in yana da shi. Kuɗin inshorar mota ma zai tashi.

Kawun Yara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. DUI aka rubuta. Yau kwana huɗu. Barista, da ya ƙi hurawa da ya fi masa?

Barista Na-Gwaggo:

Amin Alhaji. Ya danganta da wace na'ura. Ta bakin titi a Texas ba dole ba ce, amma ƙin ta ba ya hana tuhuma, tunda shaidar ɗan sanda ta wari da jajayen idanu tana iya isa. Gwajin hukuma na bayan kamu kuwa, ƙin sa yana jawo dakatar da lasisi kwana 180 maimakon 60, ana iya faɗa wa kotu cewa ya ƙi, kuma ɗan sanda yana iya samo waranti daga alƙali a ɗebi jininsa duk da haka. Shari'ar Birchfield ta 2016 ta ce gwajin numfashi bayan kamu ba ya bukatar waranti, na jini ne yake bukata. Kuma kada a ɗauki dokar Texas a kai wata jiha: a Kalifoniya ɗan ƙasa da 21 dole ya hura ta bakin titin, 0.01 kuma ya isa a dakatar da shi shekara guda. A New York daga 0.02 zuwa 0.07 wata shida ne da dala 125.

Saura kwana 11 ke nan. Ya aika neman sauraron a wannan makon ko da ba ku riga kun ɗauki lauya ba, ya ajiye shaidar ranar da ya aika. In abin ya ƙare da hukunci kuma wannan ne kaɗai laifinsa na barasa, idan ya cika 21 yana iya komawa kotun da ta hukunta shi ya nemi a goge, amma sai ya nema da kansa, ba ya goguwa haka nan. In an dakatar da lasisin, ya ajiye makullin gaba ɗaya, don tuƙi a lokacin dakatarwa sabuwar tuhuma ce daban, kuma tana iya rusa sharuɗɗan jinginewar.