Abin da aka tattauna kan cututtuka masu yaɗuwa

'Yan'uwa, ga abin da na tsinta.

1. Kowa ya yarda kwalara ta gurɓataccen ruwa da abinci take shiga. A tafasa ruwa, a wanke hannu da sabulu.
2. Tarin fuka da ƙyanda ta iska suke bi. Tarin da ya wuce mako 2, a je gwaji. Maganin tarin fuka yakan ɗauki wata 6, kuma yanke shi a tsakiya na sa ƙwayar cutar ta bijire wa magani.
3. Kan rigakafi aka ja daga. Masu shakka kaɗan ne, kuma a ganina an ba su amsa: rigakafi ne ya kawar da agana a duniya, aka tabbatar a 1980.
4. Rufe makarantu lokacin annoba kuwa, ba a daidaita ba.