Neman shawara: Nauyi nake ji in ɗauki hoton furannin gidajen mutane

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, ɗinki nake yi, kuma aikin da nake wa wuyan riga daga furanni nake kwaikwayo. In na kai kaya unguwar Ahodwo ko Nhyiaeso sai in ga furen nan mai ƙaya, mai kama da takarda, ya zubo ta kan katanga har yana taɓa kwata. Da na kai hannu kan waya sai gabana ya faɗi, ina ganin duk mai wucewa zai ce leƙen gidan mutane nake. A titi nake tsaye fa. Laifi ne, ko dai in haƙura?

Baba mai gadi: Wa alaikumus salam 'yata. Na daɗe ina gadi a Danyame, bari in gaya miki abin da ke ranmu. Ba furen muke karewa ba. Ɓarawo kan zo da rana ya duba ƙofa da wayar lantarkin kan katanga, ya dawo da dare. Ga rikicin fili, wanda ya kai har aka yi dokar hana 'yan dabar fili a 2019. To in na hango baƙo ya saita waya wajen gidan da aka ba ni amana, ya ɗauka da sauri ya juya, dole in tashi tsaye. Saurin nan da kunya ke sa ki yi, shi ne yake sa a zarge ki. Ki zo bakin ƙofa ki yi sallama, in mai gadin Asante ne ki ce "mepa wo kyɛw", wato "don Allah" da yarensu, ki ɗauka a gabansa, ki nuna masa hoton. Wallahi da yawanmu har reshen za mu riƙe miki.

Malam daga Asawase: Malama, aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, kuma hadisi ya nuna saboda ido aka sa neman izinin. Abin da ya fito titi kowa na ganinsa, babu komai. Amma ɗaga waya sama da katanga, ko zuƙo hoto ta taga, leƙe ne ko da ƙafarki ba ta shiga ba.

Ɗalibin lauya: Anti, sashe na 18 na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya kare sirrin gidan mutum da dukiyarsa. Matsalar ta fi fitowa wajen ɗorawa a Facebook. Ki yanke lambar mota, fuskar yara, da farantin adireshin GhanaPost GPS da ke jikin bango. Barikin soja da shingen 'yan sanda kuwa kar ki gwada. A Manhyia ma, fadar sarkin Asante, ki tambaya tukuna.

Wata 'yar Sabon Zongo: Ni dai gani nake an tsananta. Wanda ya shuka fure a bakin titi ai don a gani ya shuka, ni ina ɗauka ba wanda ya taɓa tanka min. Yaya, in nauyin ya hana ki, je ki lambun tsirrai na jami'ar KNUST ko wurin shaƙatawa na Rattray Park ki ɗauka son ranki.

Baba mai gadi: Ba a tanka miki ba 'yata, amma an gan ki. In aka yi sata a layin nan cikin makon, ni maigida zai tsare da tambaya.

Hajiya: Ɗiyata, bi maganar Baba. Kuma in kin samu mai kula da lambun, roƙe shi reshe guda wanda ya ɗan ƙosa, tsawonsa kamar taƙi ɗaya. Ki cire ganyen ƙasa, ki dasa a bokitin fenti da kika huda gindinsa, ki bar shi a inuwa sai ya yi toho, sannan ki fitar da shi rana. Kar ki cika masa ruwa, ruɓewa yake yi.