Muhawara: Shin manhajar waya ta maye gurbin na'urar kiɗa?

Mai sutudiyo, Agege: Assalamu alaikum. Wani yaro da ke koyon haɗa kiɗa a wurina ya tara kuɗi yana so ya je kasuwar Alaba ya sayo na'urar kiɗa mai maɓallan bugawa, ni kuwa na ce masa asara ce, domin duk abin da za ta yi masa, manhajar FL Studio Mobile da ke cikin wayarsa za ta yi. Ku duba Roland TR-808, na'urar buga ganga ta lantarki da ake ta kambamawa: ta fito a 1980, aka daina ƙera ta a 1983 bayan an yi kimanin guda 12,000, kuma a lokacin mutane sun raina ta saboda sautinta bai yi kama da ganga ta gaske ba. Yau wannan sautin yana cikin manhajoji barkatai, wasu ma kyauta ne, kuma waya ba ta jiran a tayar da janareto idan an ɗauke wuta.

Mai gyaran kayan sauti, Ojo: Wa'alaikumus salam. Yaya, da girmanka, amma misalin da ka kawo ni yake goya wa baya. TR-808 ba naɗaɗɗen sauti take sakewa ba, kayan lantarkin cikinta ne ke haifar da shi a daidai lokacin, shi ya sa idan ka murɗa maɓalli ɗaya sai ka ji gangar ta ja dogon numfashi ko ta gajarta. Abin da yawancin manhajojin kyauta ke bayarwa hoton bugu ɗaya ne da aka ɗauka aka adana. Babbar matsalar ma ita ce jinkiri, domin a wayoyin Android masu araha akwai tazara tsakanin taɓa gilashi da fitowar sauti, idan kuma aka haɗa da abin kunne na Bluetooth sai tazarar ta ƙaru har mai bugawa ya riƙa bin kiɗansa a baya. Yaron da ya saba da haka hannunsa ba zai taɓa zama daidai ba.

Mawaƙiya, Idi-Araba: Malam, ban musa batun jinkiri ba, sai dai ba kowa ne yake buga kiɗa da yatsa ba. Da yawanmu jera bugu muke yi a cikin gidaje 16 ɗin nan da manhajar ke nunawa a jere, kowane gida gurbin bugu ɗaya, mu saurara, mu gyara, kuma a wannan aikin jinkiri ba ya cutar da komai. Ganga mai kauri ta salon kiɗan amapiano da ta zo daga Afirka ta Kudu ta cika motocin haya na Legas, a cikin FL Studio aka haɗa ta, ba a wata na'ura mai tsada ba. Haka mawaƙan finafinan Kano suka faro da fiyanon Yamaha, wato da abin da hannunsu ya kai.

Makaɗin kalangu, Oko-Oba: 'Ya'yana, na karanta duka, kuma ina ganin kuna jayayya a kan tukunya alhali ba ku tambayi abin da za a dafa ba. An taɓa kai ni wani sutudiyo na buga kalangu, sai yaron da ke kan kwamfuta ya yanki bugu ɗaya tak ya jera shi a gidajensa. Da ya kunna mini, na ji fatar kalanguna amma ban ji bakinsa ba. Kalangu yana magana ne saboda ina matse igiyoyinsa a hammata ina sassautawa, murya ta hau ta sauka kamar yadda harshen Hausa yake yi, har mahauci ya ji kirarinsa daga nesa ya ajiye wuƙa ya juyo. Maƙwabtanmu Yarabawa ma haka gangan ɗinsu yake. Tsakanin wayar da na'urar, wace ce take da hammata?

Mai sutudiyo, Agege: Baba, Allah ya ƙara girma, laifin mai yankan ne. Da ya naɗi jimlar kiɗan gaba ɗaya, ya kuma bar ta ba tare da ya tilasta kowane bugu ya faɗa daidai cikin gidansa ba, da muryar ta tsira, kuma waya tana iya wannan.

Mai gyaran kayan sauti, Ojo: To Yaya, ka iso inda nake. Abin da ya ɗaukaka na'urar kiɗa ta Akai MPC60, wadda Roger Linn ya tsara ta fito a 1988, shi ne maɓallanta 16 na roba suna jin ƙarfin bugu da sanyinsa, sannan tana iya ɗan jinkirta wasu bugun da gangan don kiɗa ya yi rangaji. Gilashin waya ba ya bambanta bugun fushi da na lallashi yadda roba take yi.

Mai sutudiyo, Agege: Na karɓi wannan, amma ban janye maganata a kan babbar na'ura ba. Zan ce wa yaron ya sayi ƙaramin allon maɓallai na MIDI, wato mai aika wa manhaja bugun da aka yi, da igiyar OTG da ke haɗa shi da waya, da abin kunne mai igiya, ragowar kuɗin kuma ya sa a makirufo mai kyau. Baba, idan kana da sarari ranar Asabar bayan la'asar, muna roƙon ka zo da kalangun mu sake gwadawa.

Makaɗin kalangu, Oko-Oba: Asabar ina da biki a Mile 12, sai dai Lahadi in Allah ya kai mu. Sharaɗina ɗaya ne, kada kowa ya yanka mini kiɗa sai na ajiye makaɗi da kaina.