Neman kalma: me za mu kira "mindfulness" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Masu harshe, ku matso kusa. An ba ni wata 'yar takardar wayar da kai ta wani asibiti in mayar da ita Hausa, shafi huɗu kacal, kan yadda mutum zai rage wa kansa nauyin da ke zuciyarsa. Yau kwana uku ina maƙale a kan kalma guda ta Turanci, mindfulness. Duk rigar da na ɗinka mata, ko ta yi mata yawa ko ta matse ta.

Bari in fara faɗin abin da ake yi, don kada mu yi ta lalube cikin duhu. Mutum ya samu wuri ya zauna, ya ɗora hankalinsa a kan numfashinsa, shigarsa da fitarsa. Kafin ya ja numfashi biyar hankalin ya sulale: kuɗin makarantar yara, baƙar maganar da aka yaɓa masa a kasuwa, farashin buhun masara. Can sai ya ankara cewa hankalin ya tafi, ya jawo shi a hankali ya mayar kan numfashi, ba tare da ya zagi kansa ba. Ya sake sulalewa, ya sake jawo shi. Ko sau ɗari ne. Wannan kai-komon shi ne aikin. Ana yinsa a zaune, ana yinsa a tafe, ana yi a kwance mutum yana bin jikinsa gaɓa-gaɓa daga yatsun ƙafa har zuwa kai, yana jin abin da ke wurin.

Su kansu Turawan nema suka yi, kamar yadda muke yi yanzu. Kalmar fassara ce ta "sati" a harshen Pali, harshen tsofaffin littattafan addinin Buda, kuma wani masani ɗan Birtaniya, Rhys Davids, ya fassara ta haka a 1881. Tushen "sati" tunawa ne. Shigarta asibiti kuwa sai a 1979, lokacin da wani masanin kimiyya Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe wani sashe a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, ya tsara horo na mako takwas ga marasa lafiya, da yawansu masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Haɗuwa sau ɗaya a mako, sai atisayen minti 45 kullum a gida. A darasin farko akan miƙa wa mutum ƙwayar zabibi, ya dube ta, ya shinshina, ya tauna a hankali kamar bai taɓa ganin irinta ba. Da a nan ne, da dabino za a bayar ko aya. A 2004 hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya, ta sa wani reshe na wannan horo cikin abin da take ba likitoci shawara a kai, don masu ciwon damuwa da ke tafiya yana dawowa.

To, ga waɗanda na gwada.

Natsuwa. Ita ce ta fara zuwa mini, kuma na san ita za ta fara zuwa muku. Tana da daɗi a baki, kowa ya san ta. Matsalarta ita ce natsuwa riba ce da ake fatan samu bayan an yi aikin, kuma ba kullum ake samunta ba. Mutum zai iya zama minti ashirin zuciyarsa na dukan uku-uku, yana jawo hankalinsa yana kuɓuce masa, kuma ya yi atisayen daidai. In takarda ta ce masa "ka natsu", ya gwada ya kasa, sai ya tashi da sabon baƙin ciki, cewa ko wannan ma ya gagare shi. Ga shi kuma kalmar tana da ƙanshin tsawa. "Kai, natsu mana!" Yaro ake gaya wa haka.

Tunani, ko "zuzzurfan tunani" da nake yawan gani a fassarorin intanet, wannan kam a yi haƙuri. Wanda ya zo asibitin tunani ne ya kawo shi. Mu ne fa muke cewa tunani ya sa wa wance hawan jini, wane ya kwana yana saƙa da warwara. Ka ce da irin wannan ya je ya yi zuzzurfan tunani, ka ƙara wa wuta fetur.

Lura da kula sun kusa, amma "kula da kai" wanka da wanki yake kawo wa mutum a rai. Hattara kuwa ta allon gefen titi ce, akwai tsoro a cikinta.

Inda na fi daɗewa shi ne kalmomin zaure: khushu'i, muraƙaba, tafakkuri. Wani malamina ya ce me ya kai ni wahala, ga muraƙaba nan a ajiye. Na yi ta juya maganar, daga ƙarshe na ga ba zan iya ba. Muraƙaba ita ce bawa ya san Allah na ganinsa. Khushu'i ƙanƙan da kai ne a gaban Ubangiji. Kowace tana da alƙibla. Abin da ke cikin takardar asibiti kuwa dabara ce ta horar da hankali, kamar yadda ake horar da ƙafar da ta karye ta koyi tafiya. In muka liƙa masa sunan ibada, za mu rikita masu ibada, mu kuma bar wa masu cewa an shigo da addinin Buda ta bayan gida ƙofa a buɗe. Kuma takardar nan Bahaushe Kirista na Wusasa ko Jos ma zai karanta ta.

Amma a zauren nan na tsinci bakin zaren. Imamu Gazali, da yake bayanin sirrin salla a littafinsa Ihya'u, ya yi magana kan "hudurul ƙalbi", abin da malamanmu ke fassarawa da halartowar zuciya: kada jikinka na kan sahu zuciyarka na Kantin Kwari. Wannan siffar, ta jiki a nan hankali a can, ita ce dai cutar da ake son magancewa. Sai na ɗauki ginin na sauya tubali ɗaya.

Shawarata: halartowar hankali. Aikin kuma, halarto da hankali.

Ku dubi wasalin ƙarshen nan. A Hausa, "o" a ƙarshen aikatau tana jawo abu zuwa inda mai magana yake: koma da komo, fita da fito, aika da aiko. Halarta zuwa taro ne, ko ina taron yake. Halarto kuwa zuwa nan ne, inda kake zaune yanzu. Abin da Bature ke buƙatar jimla guda ya bayyana, harafi ɗaya ya ɗauke mana shi. Kuma tana shiga magana ba tare da tuntuɓe ba: "Likita ya ce in riƙa halarto da hankalina minti goma kafin in kwanta." "Ana koyar da atisayen halarto da hankali ranar Talata."

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku na daren jiya. Na gode ƙwarai.

'Yar'uwar da ta kawo "hayyaci", Hajiya, kalmar ta burge ni, har na rubuta ta a gefe. Sai dai wanda ake cewa ya dawo hayyacinsa, suma ya yi ko fushi ya rufe masa ido. Kamar muna gaya wa mara lafiya da can ba a hayyacinsa yake ba.

Malam mai aikin jinya da ya ce duk kalmar da ke da "hankali" a takardar asibiti za ta sa mutane su tuna taɓin hankali su guje ta, wannan magana ce mai nauyi, kuma ka fi ni sanin masu zuwa wurinku. Ga uzurina. A bakin Bahaushe hankali abu ne mai ƙafa: yana tashi, yana kwanciya, yana rabuwa biyu, ana ɗauke shi, ana jan shi, ana mayar da shi. Duk waɗannan kullum muke faɗa ba mai jin kunya. Masana na danganta kalmar da "aƙal" ta Larabci, wadda tushenta ɗaya da "iƙal", igiyar da ake dabaibaye raƙumi da ita. Dabba ce mai son yawo, aikinka ka riƙe akala. Zuciya da na bari kuwa, a asibiti wani zai ɗauka ciwon zuciya ake nufi.

Wasu sun tambayi yadda na fassara kalmar Turanci "stress". Wannan ban sha wuya ba. Wani likita mai bincike, Hans Selye, wanda ya fara wallafa bincikensa a kai a 1936 a Montreal, ya yaɗa kalmar da injiniyoyi ke amfani da ita ga ƙarfen da aka ɗora wa nauyi. Na sa "matsi", wani wurin "matsin rai". Damuwa mun riga mun jibga mata kaya da yawa, ita ce fargaba, ita ce baƙin ciki, ita ce ciwon damuwa. Samari na cewa "sitires", ba zan hana su ba, amma ba zan rubuta wa Inna ita ba.

Innar ma na karanta mata sakin layin da safe: "Halarto da hankali yana taimakawa wajen rage matsin rai, amma ba ya maye gurbin ganin likita. In barci ya ƙaurace maka makonni, ko abinci ya fita ranka, ko ka fara jin rayuwa ta ishe ka, ka zo asibiti." Ban yi mata bayanin komai ba. Ta ce ta gane, wato mutum ya kamo hankalinsa daga yawo.

Saura 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Na san a takardunku na Faransanci "pleine conscience" ake rubutawa. In an ce "halarto da hankali" a rediyo can wajenku, zai shiga kunne, ko akwai abin da kuka saba faɗa? Ranar Alhamis zan miƙa aikin.