Shin harsashin magnum yana cinye bututun bindigar farauta da wuri?

Ɗan rakiyar mafarauta, Garwa:
Assalamu alaikum, manyanmu da 'yan'uwa. Ina aiki a ɗaya daga cikin yankunan farauta masu lasisi da ke kewaye da gandun dajin Benuwe a arewacin Kamaru, kuma an yi mini tayin bindiga ta hannu, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita, mai cin harsashin .300 Winchester Magnum. Wasu sun ce irin wannan harsashi na magnum, wato mai yawan albarushi, yana ƙone cikin bututu da wuri har bindiga ta rasa saiti. Ina roƙon masana su fayyace mini gaskiyar lamarin, su kuma gaya mini ko ta fi bindiga mai cin harsashin .30-06 amfani a irin dajinmu.

Mai gyaran bindigogi, Ngaundere:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar tana da tushe, amma an zuzuta ta. Abin da ke cin bututu shi ne zafin albarushi da ƙarfin iskar da yake fitarwa, kuma ɓarnar takan fara ne daga maƙogwaro, wato gaban inda kwanson harsashi yake zama, inda ƙarfen yakan tsattsage kamar ƙasan fadama a tsakiyar rani. Harsashin .300 Winchester Magnum, wanda ya fito a 1963, faɗinsa ɗaya ne da na .30-06, sai dai yana ƙona albarushin da ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa huɗu domin ya kai harsashi mai giram 11.7 gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, alhali .30-06 tana kai shi kusan mita 820. Albarushi mai yawa ta rami ɗaya shi ne asalin matsalar. Masu harbin gasa sukan ƙiyasta cewa bututunta yakan fara rasa daidaito tsakanin harbi 1,500 zuwa 2,000, yayin da na bindiga mai cin harsashin .308 Winchester, wanda ba magnum ba ne, yakan kai 5,000. To, mafarauci nawa ne a nan yake yin harbi ɗari a shekara? Abin da nake gani yana kashe bindigogi a wurina shi ne tsatsar damina, da ƙurar hunturu da ake bari ta haɗu da mai, da goge bututu ta baki da sandar ƙarfe, da kuma jera harbi lokacin gwajin saiti cikin zafin Maris ba tare da an bar ƙarfe ya huce ba.

Dattijon mafarauci, Cholire:
Malam ya gama bayani kan ƙarfe, ni kuwa damuwata amfani ne, yaro. Dajinmu yana da bishiyoyi da dogayen ciyayi, kuma da wuya a harbi gwanki ko kanki daga nesan da ya wuce mita 200, inda .30-06 ba ta gaza komai ba. Magnum tana da dukan kafaɗa da ƙara, kuma wanda ya fara jin tsoron bindigarsa zai riƙa runtse ido yana jikkata dabba, abin da babu mafaraucin kirki da yake so. Harsashinta ma ya fi tsada, ba kullum ake samunsa ba. Idan kuwa ɓauna ce a gabanka, nauyin harsashi ake nema, shi ya sa bindiga mai cin harsashin .375 H&H, wanda ya fito a 1912, take nan daram a hannun masu rakiya; ita ma magnum ce, amma raminta yana da faɗi, gudunta matsakaici, ba ta wahalar da bututu.

Wani ɗan rakiya, Poli:
Baba, Allah ya ƙara girma, ina da ɗan ja. A gaɓar kogin Faro, inda fili yake buɗewa bayan an ƙone ciyawa, akan samu harbi mai nisa, kuma a nan .300 tana rage wa mutum lissafin faɗuwar harsashi. Tunda wannan bindiga ta hannu ce, ɗan'uwa, kada ka biya kuɗi sai mai gyara ya leƙa maƙogwaronta da bakinta, ka kuma yi harbi uku a mita 100 kana hutawa a tsakani, ka ga ko sun taru wuri ɗaya. Sannan ka tabbatar takardunta sun cika, an kuma mayar da izinin riƙe ta da sunanka kafin lokacin farauta ya buɗe.