Manhajar lissafin kaya ta shiga amma ta ƙi buɗewa, tana ba da 0xc000007b

Mai_kayan_moto

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Ina da shagon kayan moto kusa da babbar kasuwa, nan Maradi. Shekara da shekaru a littafi nake rubuta komi: abin da ya shigo, abin da ya fita, da bashin ƴan kabu-kabu, wanda shi ya fi cin takarda. Yanzu kaya sun yi yawa, in na tafi saro Kano sai in dawo in tarar lissafin yaran shago da abin da ke kan kanta ba su ga maciji. Wani abokin cinikina na Katsina ya haɗa ni da yaron da ya rubuta masa manhajar lissafin kaya. Na gan ta da idona a shagonsa, ana danna sunan kaya sai ta faɗi saura nawa, ta buga rasit. Na biya, anka ba ni ita a kile ɗin USB.

Kwamfutar HP ce ƴar okaziyo, Windows 10 da Faransanci. Munka saka manhajar ta shiga lafiya lau har ƙarshe, alamarta ta fito a kan allo. Da anka danna sai ga wanga saƙo, na kwafo shi yadda yake: "Impossible d'exécuter le code, car MSVCP140.dll est introuvable." A ƙasa ya ce a sake saka manhajar. Munka cire munka sake, duk kanwar ja ce.

Akwai wani yaro mai tura waƙoƙi a waya a layinmu, ya ce wanga ƙaramin abu ne. Ya ɗauko fayil mai wanga suna daga intanet ya saka. Saƙon farko ya ɓace kuwa, amma wani ya maye gurbinsa: "L'application n'a pas réussi à démarrer correctement (0xc000007b)." Daga nan sai OK, sai ta rufe.

Mai manhajar ya ce shi a wajensa tana aiki, kuma bai iya karanta Faransanci, in na tura masa hoton allo sai ya ce in kawo kwamfutar Katsina. Kafin in ɗauki hanyar Ɗan Isa saboda wagga magana, na ce bari in tambayi masana na gida. Kwamfutar ce ba ta da kyau, ko manhajar ce ba ta shiga kwamfutar Faransanci?

Ibro_227

Wa alaikumus salam Alhaji. Waɗannan ƴan okaziyo yawanci cike suke da ƙwayar cuta. Ka kai a goge ta gaba ɗaya a zuba sabon Windows, na Ingilishi ma ya fi tunda manhajar daga Najeriya take. Kafin a saka ta a kashe antibirus. Ni haka nake yi kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Gyaran_Kwamfuta_SabonGari

Alhaji barka da kasuwa. Kada ka goge komai tukuna, kuma kada ka je Katsina. Ibro, ƙanena, ka yi haƙuri, amma saƙonnin nan biyu sun riga sun faɗi ciwon da bakinsu, ba sai an yi wa kwamfuta wankan tsarki ba.

Saƙon farko mai sauƙi ne. MSVCP140.dll ba na manhajarka ba ne, na Microsoft ne. Yawancin masu rubuta manhajar Windows suna jingina da wani ƙunshin fayiloli da ake kira Visual C++ Redistributable. A kwamfutar mai rubutawa ƙunshin yana nan tun tuni, domin kayan aikinsa sun zo da shi, shi ya sa yake ce maka a wajensa tana aiki, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya haɗa ƙunshin cikin fayil ɗin sakawa. Da bai haɗa ba, taka kuma sabon zubi ce da babu kowa a ciki, sai manhajar ta nema ta rasa. Ko sau ɗari ka cire ka sake sakawa ba zai zo ba, tunda ba ya cikin kile ɗin. Lambar da ke jikin sunan tana nuna wanda ake nema: 140 na 2015 ne da waɗanda suka biyo bayansa, duk ƙunshi ɗaya ne, 120 na 2013, 110 na 2012, 100 na 2010. Kowanne zaman kansa yake, sabo ba ya maye gurbin tsoho, shi ya sa za ka ga jerinsu da yawa a kwamfutar da ta daɗe tana aiki, wasu har su ɗauka shara ce su goge.

Saƙo na biyu kuma aikin yaron layinku ne. Manhajojin Windows iri biyu ne, masu bit 32 da masu bit 64. Windows mai 64 yana ɗaukar duka biyun, amma manhaja mai 32 ba ta iya aiki da fayil ɗin dll mai 64, haka ma akasin haka. Sunan fayil ɗin ɗaya ne sak, ba ka ganewa da ido. Kai da ke sayar da kayan moto ka fi ni sani: fistan sunansa fistan, amma in ka ba mai ƙaramin inji na babban inji ba zai shiga silinda ba. 0xc000007b a mafi yawan lokaci abin da take nufi ke nan, an samu fayil ɗin amma ba girmansa ba ne.

Ga yadda za ka bi. Ka danna alamar manhajar da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi "Ouvrir l'emplacement du fichier". Ka dubi sunan dosiyen da ta buɗe a sama. In akwai x86 a ƙarshen sunan babban dosiyen, kusan tabbas manhajar mai 32 ce. A cikin dosiyen ka nemi MSVCP140.dll. In ka gan shi, kuma kwanan watansa ya yi daidai da ranar da yaron ya taɓa kwamfutar alhali sauran fayilolin sun girme shi, to shi ne, ka goge shi. Wannan matakin shi ne mutane ke tsallakewa. Windows yana fara duba dosiyen manhajar kafin ya duba nasa, don haka muddin baƙon yana zaune a nan, ko ka saka ƙunshin gaskiya shi za a ci gaba da ɗauka.

Bayan nan ka ɗauko vc_redist.x86.exe, wato fayil ɗin da ke saka ƙunshin mai 32, daga shafin Microsoft kansa, ba daga shafukan nan masu tallar dll ɗaya-ɗaya ba. Ka haɗa da vc_redist.x64.exe, mai 64, ka saka duka biyun, ba sa faɗa da juna. Kowanne bai kai mega 30 ba, forfen waya ya isa. Sai ka kashe kwamfutar ka kunna.

Ka kuma tambayi yaron ko ya zuba wani a cikin dosiyen Windows. A nan ne ake yawan yin aika-aika, domin sunayen suna yaudara: a Windows mai 64, System32 shi ke riƙe da fayiloli masu 64, masu 32 kuma suna cikin SysWOW64. Duk wanda ya bi suna zai saka su a juye.

Harshen Windows ba shi da hannu a waɗannan saƙonni biyu. MSVCP140.dll na kwamfutar Faransanci da na ta Ingilishi abu ɗaya ne.

Ibro_227

To maigida, na ji. Amma ai in an goge duk wannan bincike bai taso ba, awa ɗaya an gama.

Gyaran_Kwamfuta_SabonGari

In an goge, Ibro, sabon Windows zai zo ba tare da ƙunshin ba, Alhaji ya koma kan saƙon farko, ya biya kuɗin zubi a banza. Batun kashe antibirus kuma, a kwamfutar da za ta riƙe lissafin bashin mutane ba na ba da wannan shawara. In ana zargin shi ya kama wani fayil, a buɗe "Sécurité Windows" a duba "Historique de protection", duk abin da ya tsare yana rubuce a nan da sunansa.

Maman_Sadiya

Baba Alhaji ina wuni. Abin da malam na Sabon Gari ya faɗa haka yake, ba ni da ƙari a kan dll. Amma a kan cewa harshe ba shi da hannu, ina da ƴar magana, domin ni ke riƙe da kwamfutocin wani kantin magani a unguwar Ali Ɗan Sofo kuma manhajarmu ma daga ƙetaren iyaka ta zo.

Ba harshen ne matsala ba, tsarin rubuta lamba ne. Windows da aka saita a kan Faransanci yana rubuta biyu da rabi 2,5 da waƙafi. Na Najeriya yana rubuta 2.5 da ɗigo, waƙafi kuma a wajensu na raba dubbai ne. Mai rubuta manhaja in bai yi tunanin Nijar ba, sai ya ɗauka kowa ɗigo yake sawa. Tamu haka ta yi: tana nuna hoton farko, ta yi kamar za ta buɗe, sai ta ɓace ba saƙo ba sallama, ashe wata lamba take karantawa a fayil ɗin saitinta ta kasa ganewa. Ba lallai taka ta yi haka ba, amma ka sa a ranka.

In ta ɓace shiru irin haka, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta eventvwr.msc, zai buɗe wurin da Windows ke rubuta kurakuran da suka faru. A hagu ka buɗe "Journaux Windows", sannan "Application". Ka nemi jan layi mai lokacin da ka danna manhajar. Mai lamba 1000 yana faɗin sunan fayil ɗin da ya faɗi, a layin "Nom du module défaillant". Mai lamba 1026 na .NET ne, wani kayan aikin Microsoft da manhajoji da yawa ke jingina da shi, in ka ga kalmar FormatException a ciki to batun waƙafin ne. Wannan shafin shi za ka ɗauka hoto ka tura wa mai manhajar, domin sunayen fayil da lambobin ba su da Faransanci, zai gane su.

Gyaran yana cikin "Panneau de configuration", sai "Région", sai "Paramètres supplémentaires", ka mayar da "Symbole décimal" ɗigo. Sai dai ka sani canjin ya shafi kwamfutar duka, Excel ma zai koma ɗigo.

Wani abu kuma, tunda ƴar okaziyo ce: ka dubi agogonta da safe kafin ta hau intanet. In kwanan wata yana komawa baya duk sanda aka kashe ta, ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a cikin kwamfutar ya mutu, kuma manhaja mai lasisi tana iya ƙin buɗewa saboda wannan kawai.

Mai_kayan_moto

Allah ya saka da alheri, ya yi wa zuri'a albarka. Na bi yadda kunka ce bayan la'asar da kasuwa ta lafa. Dosiyen yana da x86 a sunansa. MSVCP140.dll yana ciki, shi kaɗai ne mai kwanan watan makon jiya, sauran duk na bara ne. Na kira yaron ya ce nan kaɗai ya saka, kuma mai 64 ya zaɓa don ya ga kwamfutar mai 64 ce. Na goge shi, munka saka fayilolin nan biyu na Microsoft, anka kashe anka kunna. Ta buɗe, har ta tambayi sunan shago.

Ɗiyata Maman Sadiya, maganarki ma ta fito, sai dai ba wajen buɗewa ba. Kuɗinmu na sefa ba su da ɓurɓushi, don haka farashi bai ba da wahala ba. Amma ina sayar da man inji a lita, da na rubuta 0,5 sai ta ce lambar ba daidai ba ce, da na rubuta 0.5 sai Windows da ita sunka kasa jituwa ta mayar da shi 5. Na canza alamar zuwa ɗigo yadda kika ce, yanzu rabin lita rabin lita ne. Agogo kuma lafiyarsa lau.

Saura abu ɗaya: a rasit alamar naira take bugawa gaban kuɗi.

Gyaran_Kwamfuta_SabonGari

Madalla, Alhaji. Alamar naira ba daga Windows take ba, tunda naka a kan Faransanci yake. Mai manhajar ne ya rubuta ta a ciki. Ka duba saitin manhajar ko akwai wurin canza kuɗi, in babu shi kaɗai zai iya cirewa, kuma aikin ƴan mintuna ne a wajensa, ya turo maka sabon fayil ta WhatsApp. Tunda za ka kira shi, ka gaya masa ya haɗa vc_redist.x86.exe cikin fayil ɗin sakawa, ya kuma gyara karatun waƙafi, domin in ƴan kasuwar nan suka ga taka tana aiki za su nema.

Ka tambaye shi kuma a wane dosiye manhajar ke ajiye lissafin, ka riƙa kwafe shi zuwa kile duk yamma kafin a rufe shago, kile ɗin ya kwana a gida. Fayilolin Microsoft ɗin nan biyu ma ka ajiye su a ciki tare da manhajar. Microsoft ta daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka wannan kwamfutar a bar ta a kan lissafi kawai, kada yaran shago su riƙa ɗauko finafinai da ita. In ka shigo Sabon Gari ka biyo da ita in duba ko tana da TPM 2.0, wato ƴar na'urar tsaron da Windows 11 ke buƙata, da injin da yake karɓa.