Shawarwarin iyaye kan fita tattakin cutar siliyak da yara

Iyayen da suka saba kai 'ya'yansu tattakin wayar da kai kan cutar siliyak (cutar da cin alkama ko sha'ir ke lahanta hanjin mai ita), irin wanda ake yi a Amurka, sun fi nanata maganar guzuri. A taho da abinci daga gida a rufaffen mazubi: dafaffen ƙwai, ayaba, wainar shinkafa. Ko wuƙar da ta yanka burodin alkama ce ta taɓa abincin yaro, ta isa ta fama masa hanji. Wasu suka ce kilomita 5 ta yi wa ɗan shekara huɗu yawa, a zo da keken tura yaro.

An ɗan ja kan kayan ƙwalama da ake rabawa kyauta a wurin. Ni dai ina bayan masu cewa a karanta rubutun jikin leda tukuna, domin sha'ir kan ɓuya a ciki.